Jar Akuyar Ummi

Akwai wata dabara da kusan kowace uwa a Maradi ta sani. Za ki fita unguwa, yaro ya kama gefen zanenki yana kuka sai ya bi ki, sai ki ce masa: "To, je ka ɗauko takalmanka." Yana shiga ɗaki, ke kuma kin ja mayafi kin fice. An yi haka a gidan da na tashi, maƙwabta suna yi, kuma a gidan biki ana ba da labarinsa ana dariya. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne yaron da aka bari: tsaye a bakin zaure, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana leƙen lungu ko zai hango uwarsa. Wanda aka bar wa reno shi ke ganin wannan fuskar. Ni na yi renon ƙanne tun ina ƙarama, na gan ta har na san ta.

Ba takalmi kaɗai ba ne. A kai yaro asibiti a ce masa ba allura za a yi ba, sai ya ji tsini a cinya. Ya yi yawon barka da sallah gidan gwaggo da gidan kawu, ya dawo da ƴan daloli a aljihu, uwa ta ce kawo in ajiye maka, kuɗin su shige cefane ba a ƙara zancensu ba. Uba zai fita ya ce zan sayo maka tsire in zan dawo, alhali ya faɗa ne kawai don a sakar masa riga. Babu mai yin haka don mugunta. Iyaye ne masu son ƴaƴansu, gajiya ce da sauri da rashin abin hannu. Amma in aka ce min yaro ne, zai manta, ba na yarda, kuma ina da dalilina.

Ni haifaffiyar Bagalam ce, a hannun kakata ta wajen uwa na tashi. Fura take yi. A tsohon gari aka haife ta, can ƙasa kusa da Gulbi, tana yarinya ambaliyar 1945 ta rushe garin aka hau da mutane kan tudu, inda Maradi take yanzu. Takan ce ruwa ya ci ɗakuna da rumbuna amma bai ci bashi ba, wanda ake bi kafin ruwa shi ya biya bayan ruwa, ba tare da takarda ko shaida ba. A wurinta wannan shi ne Maradi. Tun zamanin cinikin gujiya Alhazan garin nan da baki suke ba da kaya, yaron Alhaji ya ɗauki kaya masu yawa ya tafi, ya dawo ya yi lissafi. Ita ma haka take da masu shan furarta, ba ta rubutu ba ta karatun boko, amma ta san wanda ya ce sai Juma'a kuma Juma'ar ta zo ya kawo.

Ita ce ta ba ni ƴar akuya ina da shekara tara ko goma, ta ce tawa ce halak malak. Ni ke kai mata ƙasari da dusa, ni ke share mata wuri. Wata rana kaka ta tafi ƙauye makoki, na dawo daga tallan fura na tarar da turke da igiya, babu akuya. Ɗaya daga cikin manyan gidanmu ya kai ta kasuwa. Da na tambaya aka ce min ta bi kiwo, za ta dawo. Kowace yamma in awakin unguwa suna shigowa sai in tsaya a ƙofa ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na san cewa buƙatar da ta sa aka sayar da ita ta gaske ce, ban riƙe kowa da wannan ba. Jiran ne ya tsaya min a rai. Da kaka ta dawo ta ji, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce da su: "Da kun gaya mata gaskiya, da ta yi kukan yini ɗaya ta huta. Yanzu kun sa ta gadin ƙofa."

Aure ya kawo ni unguwar Zariya. Maigidana ɗan kasuwa ne na tsaka-tsaki, yana sayen wake da aya a kasuwannin ƙauye ya kai Jibiya da Katsina ta hanyar Ɗan Isa, ya dawo da kayan masarufi. Rabin jarinsa na wani Alhaji ne, babu takarda tsakaninsu. Allah ya ba mu uku: ta fari mai sunan surukata, don haka Ummi muke ce mata, sai Abba, sai Auta. Tun Ummi tana goye na ba maigida labarin akuyata. Shi ba mai yawan magana ba ne, ya saurara, ya ce abin da ba zai yi wa Alhaji ba bai ga dalilin da zai sa ya yi wa ɗiyar cikinsa ba. A nan muka tsaya. A Islamiyyar matan aure kuma malamarmu ta karantar da mu labarin sahabiyar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Ajin ya yi tsit ranar. Kowace a cikinmu ta san sau nawa ake cewa zo in ba ka a yini guda.

Faɗa da baki ba wuya, aikin ne mai nauyi. Ummi tana da shekara biyu da wani abu, in zan fita sai in durƙusa in ce: "Zan je unguwa, ba da ke zan je ba, zan dawo kafin kiran magariba." Sai ta faɗi ƙasa tana birgima. Surukata tana kallo daga kan tabarmarta ta ce: "Ke dai kina son wahalar da kanki. Ki aike ta ɗaki ki wuce mana." Nakan ce: "Inna, bari dai ta gan ni ina fita." In fita kukanta yana bina har bakin titi, kuma babu uwar da wannan ba ya taɓa wa zuciya. Nauyi na biyu yana can inda na je. Ana tsakiyar hira, ba a ma raba goro ba, sai in miƙe in yi sallama, a yi ta cewa saurin me kike. Saurin magariba nake. A hankali kukan ya riƙa gajarta. Ta kai in na ɗauki mayafi sai ta ce: "Kafin magariba?" In ce e, ta koma wasanta.

Ƙaramin yaro bai san agogo ba, bai san "anjima" ba, bai san "wata rana" ba. Don haka muke ɗaure musu lokaci da abin da suke ji ko suke gani: kiran azahar, dawowar Baba daga masallaci, ranar kasuwa Litinin ko Juma'a, bayan an share hatsi daga gona. In ba mu san lokacin ba, ba ma yankewa.

Allura ma haka. Ranar rigakafi nakan ce wa Abba za a yi allura, za ta yi zafi kaɗan, zan riƙe ka. Yakan fara kuka tun daga gida, wannan gaskiya ne, wata ma'aikaciya ma ta taɓa ce min na ɓata mata aiki. Amma yakan shiga da ƙafarsa. Maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara a damina, Abba ba ya sonsa ko kaɗan, ban taɓa ce masa alawa ce ba. Kuɗin barka da sallah kuwa kowa da gwangwanin madararsa. In cefane ya matse na ara, a gaban mai shi nake ɗauka, a gabansa nake mayarwa.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na horo. In kin ce wa yaro in ka sake dukan ƙanenka yau ba za ka fita wasa ba, to kin ɗaure kanki, don za ki yini da shi a tsakar gida yana miki ƙunci. Wannan ya koya min rage barazana. Ba na kiran dodo, ba na cewa zan kai ka wurin soja, ba na faɗin abin da na san hannuna ba zai iya ba. Haka kuma "a'a" ta yi yawa a gidanmu, har wasu suna ganin mun cika tsanani. Maigida yana da wata magana da yaran suka haddace. In an roƙe shi abin da bai tabbata ba sai ya ce: "Na ji, amma ban yi alkawari ba." Sun san in ya faɗi haka, abin yana iya zuwa yana iya ƙin zuwa, ba sa sa rai sosai.

Bayan ƙaramar sallar 2023, Ummi tana cikin shekara ta bakwai, ta fara yi wa allo lalaci. Wata yamma babanta yana shan shayi a tsakar gida ya kira ta ya ce: "Ummi, ranar da kika kai Sabbi, kika biya wa malam ba gyara, zan saya miki akuya. Ja." Ina bakin murhu na ji, na ɗago na dube shi, don na san maganar ta zauna. A lokacin ba abin tsoro ba ne. Hanya tana tafiya, ni ma bazara ce, firigona yana aiki, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo da lamurje.

Wanda ba ɗan nan ba zai iya cewa me yarinya za ta yi da akuya. A ƙasar Maradi akuya ita ce dukiyar mace ta farko. Jar akuyarmu an san ta har wajen Nijar saboda yawan haihuwar tagwaye da nono da kyan fata, har cibiyar kiwonta aka kafa a garin nan tun 1963. Wata biyar take ɗaukar ciki. Yarinyar da aka ba guda ɗaya tana ƙarama, in Allah ya sa albarka, kafin aurenta ta tara abin da zai rage wa iyaye nauyin kayan ɗaki. Ummi ba ta san wannan lissafin ba, ita dai tana son abin da za ta ce nata ne. Daga ranar ba a ƙara tashinta zuwa makarantar allo ba, ita ke tashin Abba.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ba siyasa na zo yi ba, abin da ya shigo gidana zan faɗa. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Mun taɓa ganin rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, amma wancan karon wuta ba ta tafi ba. Wannan karon firigo ya zama akwatin ajiye kwanoni. Maigida ya zauna. Abokansa wasu suka riƙa bi ta barauniyar hanya a kan babura, shi ya ce ba zai jefa dukiyar Alhaji cikin daji ba. Shinkafa ta yi tsada, muka koma tuwon hatsi da miyar kuka, nama sai ranar da Allah ya kawo.

Ana cikin haka, wajen shigowar kaka, Ummi ta shigo da gudu da allonta a hannu, ko sallama ba ta gama ba: "Baba, na kai Sabbi! Malam ya ce ba gyara!" Yana zaune a kan buhun da babu komai a ciki. Na ga fuskarsa. Ya karɓi allon ya duba, ya sa ta biya masa daga farko har ƙarshe, ya dafa kanta ya ce: "Madalla, Allah ya yi miki albarka." Ba ta ce komai a kan akuya ba. Ta tsaya ne kawai tana kallonsa.

Daren nan shawarwari suka yi yawa. Surukata, wadda ke son jikarta kamar ranta, ta ce: "Ku saya wa kishiyar tawa ɗan kunne da alawa, kwana biyu ta manta. Ana neman na tuwo wa ke zancen akuya?" Wata ƴar uwa da ta zo kwana ta kawo tata dabarar: a aro akuyar maƙwabta a ɗaure kwana kaɗan, daga baya a ce ta tsinke ta ɓata. Jikina ya yi sanyi da na ji. Na ce mata ni dai ba a gidana ba. Maigida bai ce uffan ba sai da kowa ya gama, sannan ya ce: "Inna, ki yi haƙuri. Ni na faɗa, ba wanda ya tilasta ni. Alkawari kaya ne, na ɗauka."

Da safe ya shimfiɗa tabarma ya zaunar da ita gabansa kamar yadda yake zama da abokin ciniki. Ya ce: "Ummi, kin cika naki, saura nawa. Kin ga kwanakin nan ba na fita, hanya a rufe take, ba ni da kuɗin akuya yanzu. Bashi kike bina. Ina roƙon ki ƙara min lokaci."

Ta ce: "Zuwa yaushe, Baba?"

Ya yi shiru yana lissafi. Na san abin da yake aunawa: in ya faɗi kusa ya kasa, ya karya biyu ke nan. Ya ce: "Kafin sanyi ya fita, in Allah ya yarda."

Idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin hijabi, ta ce to. Washegari na tarar ita da Abba sun samo guntun icce sun kafa turke a gindin dogon yaron da ke bayan ɗaki. Duk wanda ya zo daga gona sai ta roƙe shi harawa, tana tarawa a kan rufin madafa. Kullum in na fito alwala sai na ga turken nan. Ba ta taɓa yi mana gori ba, amma ba ta bar mu mun manta ba.

Ina cikin adashi da matan layinmu, ɗaukata tana can nesa. Mu matan Maradi mun san darajar wannan abin, a jihar nan aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, kuma duk tafiyar a kan magana take: kin ce za ki zuba ranar kaza, ki zuba. Na je wurin uwar adashi na roƙi a musanya min da wadda ke gaba. Matar ta ce: "Don akuyar yarinya, a wannan marrar?" Na ce don maganar ubanta. Ta yi ɗan tunani ta ce ta ba ni. Maigida ya ce ba zai karɓa kyauta ba, alkawarin nasa ne, aro zai yi a wurina. Sauran ya cika da abin da ya samu na lodin buhunan aya a tasha, mutumin da a da shi ake yi wa lodi. Ya dawo da kafaɗa a saɓule, ban ji ya yi ƙorafi ba.

Wata Juma'a cikin hunturu, hazo ya rufe gari, ya ce ta sa rigar sanyi ta bi shi kasuwar dabbobi. Ni ban je ba, amma na ji labarin daga bakinta har na haddace. Yadda dillali ya buɗe bakin akuya ya nuna haƙora, yadda Baba ya taɓa hantsa ya ce wannan da ciki take, yadda mai ita ya yi ta cewa albarka har Baba ya juya zai tafi ita kuma ta riƙe masa riga, yadda aka kira su aka sallama. Ita ta zaɓa, ja sosai babu ɗigon fari. A adaidaita suka dawo, igiya a hannunta ta naɗe ta sau biyu a wuyan hannu. Ranar ba ta ci abincin rana a ɗaki ba, ta kai kwanonta gindin dogon yaro. Surukata ta fito da sandarta, ta dafa bayan akuyar ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce: "To, kishiya ta riga ni arziki." Daga baya, mu biyu kaɗai, ta ce min: "Kun yi daidai, ɗiyata."

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, wuta ta dawo, maigida ya koma hanya ya biya ni kuɗin adashina. Cikin bazara akuya ta haifi biyu, mace da namiji.

Na ɗauka labarin ya ƙare a nan, ashe da saura. A ƙarshen Agustan 2024 aka yi ruwan da mutanen Maradi ba za su manta ba, gidaje suka faɗi a unguwanni da yawa, aka rasa rayuka. Mu Allah ya tsare, katangar baya da madafa ne suka zube. A makon ne kuma zazzaɓi ya kama Auta har aka kwantar da shi. Kuɗin magani maƙwabci ya ranta mana a daren, Allah ya saka masa, yaro ya samu sauƙi. Amma ga bashi, ga gida a buɗe ta baya, kuɗin maigida kuma suna cikin kaya. Abin da ke tsaye a gidan wanda za a iya mayarwa kuɗi a yini ɗaya shi ne ɗan bunsurun Ummi.

Wani ƙanen maigida ya zo da safe, da kyakkyawar niyya, ya kwance shi zai kai kasuwa kafin yara su taso daga makaranta, wai don kada a yi kuka. Ina daga ɗaki na ji maigida ya ce: "Mayar da shi. Mai shi ba ta nan." Ya ce: "Yaya, yarinya ce fa." Ya ce: "Na sani. Nata ne."

Da ta dawo ya gaya mata komai, kuɗin maƙwabci, katanga, magini. Ya ce yana son ta ranta masa bunsurun. Ta daɗe ba ta yi magana ba.

"Yanka shi za a yi?"

"Mai yiwuwa ne. Wanda ya saya shi ke da iko."

"In na ce a'a fa?"

"Sai in nemi wata hanya. Ba zan ɗauka da ƙarfi ba."

"Za ka biya ni?"

"Zan biya ki bayan kaka, da kuɗi ko da wata dabbar, wanda kika zaɓa."

Ta dubi inda Auta yake kwance, ta ce a kai shi, amma ita za ta ja shi zuwa ƙofa. Ta ja shi, ta miƙa igiyar, ta shige ɗaki. Da dare na ji tana kuka a hankali, na je na kwanta kusa da ita. Ba zan ce gaskiya ta hana ta jin zafi ba, ta ji sosai. Amma washegari ta tashi ta kai wa uwar da ƴar ƙasari, ba ta tsaya jiran kowa a ƙofa ba. Bayan kaka ya tambaye ta kuɗi ko dabba, ta ce mace take so don ita ke haihuwa. Ya kawo mata.

A kwanakin ruwan nan na ga wani amfani da ban taɓa lissafawa ba. Ramukan da ake ɗibar ƙasa a bayan unguwa duk sun cika, yaran layi suna ta zuwa wanka. Na tara nawa na ce: "Kududdufin nan yana da zurfi, yana cin yara, wanda ya faɗa ba ya fitowa. Kada ku je." Abba mai ƙiriniya ne, ba ya jin kira sau ɗaya, amma bai je ba. Da abokansa suka ja shi ya ce musu Mamarsa ta ce yana kisa. Ban taɓa tsorata shi da abin da babu ba, don haka da na faɗi abin tsoro na gaske ya ɗauka.

Ba ina cewa ƴaƴana sun fi na kowa ba. Suna faɗa, suna ɓoye laifi, Abba yakan ce bai taɓa sukari ba alhali ga shi a leɓensa. Yara ne. Mu ma akwai ranar da abu ke fin ƙarfinmu, mota ta lalace a hanya, baƙi su zo, ruwa ya tare mutum. In haka ta faru ba ma jira su tambaya, mu ke fara zuwa mu ce ga abin da ya hana, ga sabon lokaci. Abin da na lura shi ne sun fara yi wa junansu irin haka. Ummi ta ce wa Abba haihuwa ta gaba in an samu namiji nasa ne, aka samu, na zuba ido in ga ko za ta canza magana. Ta kira shi ta ce ya zo ya ga nasa.

Yanzu wanda ke kanmu na Abba ne. Ya ji labarin tabkin Madarumfa a bakin abokansa, ya dami babansa sai an kai shi ya ga masunta da jiragen ruwa. Wurin ba nisa, amma yankin ya sha fama da ɓarayin daji a shekarun nan, maigida ya ce masa ya ji amma bai yi alkawari ba, sai ya ga yadda hanya ta kasance. Abba ya yi fushi yini guda. Abin da babansa ya yi masa alkawari shi ne kokowa: in aka buɗe wasa a filin nan mai sunan Kantu, ɗan Maradin da ya ci gasar ƙasa ta farko a 1975, zai ɗauke shi a kafaɗa su shiga tare. Sharaɗin shi ne ya daina guduwa daga makarantar allo kafin a tashi. Malam ya aiko cewa ya daina, don haka maigida ya fara tambayar ranar da za a fara, kuma ya gaya wa Alhaji tun yanzu cewa ranar ba zai yi tafiya ba.